Man Feshi a Akwatin Babanku

Ishaku, Naomi, da kai Yohanna autana, na san sunan da ake kiran babanku da shi a bayan idonmu, kun kuma san na sani, amma ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba. Saje Feshi. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun iya shi, suna faɗa ba su san mafarinsa ba. Labarin da ke yawo shi ne wai tsufa ya taɓa masa kai, ya ɗauki man feshi na gwangwani ya jiƙe harsasan gari gab da kaka, ya jawo wa mutane asarar dawa. Ƙarya ce, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babanku da bakinsa ya shirga ta. Waɗanda gaskiyar za ta iya cutarwa yanzu ƙasa ta rufe idonsu, iyalinsu sun koma garinsu, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kun san shi soja ne, amma a Zuru wannan ba labari ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne irin aikin da ya yi. Saje Bitrus mai kula da ɗakin makamai ne. Yawancin shekarunsa a bariki ya yi su tsakanin bindigogi da akwatunan harsashi, yana dubawa, yana gogewa, yana faɗa da duk wanda ya dawo masa da makami da datti. Ko manyansa shakkarsa suke yi a ƙofar ɗakin nan. Ni kuwa da na aure shi, ashe dokar ɗakin makamai na auro. Mutumin da ya yi wa mahaifina noman golmo da abokansa, wato noman neman aure na al'adarmu, yana sunkuyar da kai kamar ba ya iya magana, sai ga shi a gida yana bin bayana yana duba ko na rufe galan ɗin kananzir. Ba a ajiye gishiri kusa da ƙarfe, ba a jingina fartanya da jiƙaƙƙen bango. Ni kuma kun san bakina, ba na barin ta kwana. Nakan ce masa ni ba kurtu ba ce, ya je ya nemi waɗanda zai yi wa fareti. Sai ya yi murmushi ya gyara abin da kansa. A haka muka tsufa, ina surutu yana gyara, kuma ban taɓa ganin abin da ya lalace a hannunsa ba.

Da ya yi ritaya muka dawo ƙauyenmu a bayan duwatsun Dabai, muka tarar da Malam Ummaru ya riga ya zama ɗan gari. Kuna tuna shi, bakaniken babura mai rumfa a jikin katangarmu. Bakabe ne, ya zo tun yana saurayi, ya auro matarsa Hajara daga can garinsu, ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Shi Musulmi, mu Kirista, amma naman Sallah yakan tsallako katanga, shinkafar Kirsimeti ta tsallaka can. Malam Ummaru yana da imani guda bayan na addininsa: duk wani ƙarfe da Allah ya halitta yana son mai. Yana da wani gwangwani mai siririn tsinke a baki, man da ake fesa wa noti in ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa. Ya ɗauke shi maganin komai. Kwaɗon ƙofa ya ƙi buɗewa, a fesa. Keken ɗinkina ya yi ƙara, a fesa. Akwai ranar da wata tsohuwa ta roƙe shi ya fesa mata a gwiwa, babanku ya yi dariya har da hawaye. Da gaske kuma man yana aiki, shi ya sa duk gari aka yarda da shi.

Sai shekarar nan ta zo da ba a kwana da ido biyu rufe. 'Yan bindiga sun matso ta wajen Bena, ana jin an kwashe shanu can, an ɗauke manoma a gona nan. Mutanen gari suka haɗa 'yan sintiri, masu bindigar farauta mai lasisi suka fito da ita, aka yi karo-karo aka sayo harsasai, irin jajayen nan masu gindin ƙarfe. Ba a ma yi shawara a kan wanda zai riƙe su ba. Mai unguwa da kansa ya kawo su gidanmu, babanku ya jera su a akwatinsa na ƙarfe da ya dawo da shi daga bariki, ya rataya makulli a wuya. Na ga yadda ya miƙe a watannin nan, tafiyarsa ma ta canza. Amma akwai wani abu da ya shigo gari tare da tsoro, wanda ya fi 'yan bindigar ba ni tsoro, wato zargi. Kowa yana neman wanda ke kai wa ɓarayi labari. A wani gari da ba shi da nisa da mu, an ja wani mai shayi bayan kasuwa a kan maganar mutum ɗaya, bai dawo ba, daga baya aka gane ba ruwansa. Baƙo, ko ya shekara nawa a wuri, a irin wannan lokaci ana tuna cewa baƙo ne. Mutanen da ke zaman hira a rumfar Malam Ummaru suka ragu, in ya ɗaga waya sai a kasa kunne.

Tsakiyar damina aka kira tsofaffin sojoji tantancewar fansho, babanku ya tafi. Ya raba wa 'yan sintiri abin da zai ishe su, ya kulle sauran, ya ba ni makulli. Daga can ciwon ƙirji ya kwantar da shi wajen ƙanensa a Kaduna, tafiyar kwanaki ta zama ta makonni. A nan kuwa aka yi wani ruwa da iska da rana tsaka, kwanon rufi ɗaya ya ɗage daidai kan akwatin. Na leƙa katanga na kira Malam Ummaru, muka ja akwatin zuwa ɗakina. Na buɗe don mu ga ko ruwa ya shiga. Bai shiga sosai ba, amma danshi ya riga ya taɓa, gindin wasu harsasan ya fara ɗigo-ɗigon tsatsa. Malam Ummaru ya riƙe baki.

“Subhanallahi! Maman Ishaku, kayan gari na za su lalace Saje ba shi nan. Dakata in ɗauko gwangwanina.”

Ya dawo da sabon gwangwani da bai taɓa buɗewa ba. Ya tsuguna ya fesa musu layi-layi, ya juya su ya ƙara, har sai da suka yi ta ƙyalli mai yana taruwa a gindin akwati. Ya shimfiɗa tsumma a kai, ya fesa wa tsumman, muka rufe. Gwangwanin nan duka ya ƙarar, ya ƙi karɓar komai, kunu kawai ya sha. Ni da shi muka rabu muna jin mun yi wa gari aiki.

Babanku ya dawo dawa ta fara sunkuyar da kai. An riga an tsayar da magana: gonakin nesa, waɗanda ke bakin daji, 'yan sintiri za su raka masu girbi da bindiga a kwaso amfanin kafin ɓarayi su riga mu. Washegarin dawowarsa da safe ya karɓi makulli ya shiga ɗaki. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji ya ɗaga murfin, daga nan shiru. Shirun ya yi tsawo har na ajiye rariya na leƙa. Yana durƙushe, ya ɗauki harsashi ɗaya yana sansanawa, mai yana bin yatsunsa.

“Rahila.”

In ya kira ni da sunana, na san babu lafiya.

“Wa ya taɓa akwatin nan?”

Na ba shi labari, har da ɗan alfahari. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa masa. Ya rufe ido. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yadda yake yi wa kurata. Ya nuna mini ɗan idon da ke tsakiyar gindin harsashi, inda ƙusar bindiga ke bugawa wuta ta tashi ta kama albarushi. Ya ce man nan an yi shi ne don ya ratsa inda ruwa ma ba ya ratsawa, abin da ya sa yake kwance noti mai tsatsa ke nan. To ba ya bambance noti da harsashi. In ya samu lokaci zai bi gefen idon nan, ya bi ta naɗin bakin, ya kai ga abin da ke ciki ya kashe shi. Na soja, in ji shi, ana toshe su da wani irin fenti tun daga masana'anta, sukan jure. Na farauta ba su da wannan tabbas. Da gogewa aka yi da tsumma aka bushe, da da sauƙi, amma waɗannan jiƙa su aka yi aka rufe suka yi makonni suna sha.

Na ce, “To duk sun mutu ke nan?”

Ya ce, “Da duk sun mutu ai da na gode wa Allah. Wasu za su tashi, wasu ba za su tashi ba, kuma ba mai iya gane su da ido. Yaro zai tsaya gaban ɓarawo ya ja kunama yana tsammanin yana da bindiga, ashe sanda ya riƙe.”

Ya ɗebi kaɗan a aljihu, ya ɗauki bindigarsa mai baki biyu, ya ce in biyo shi, ya leƙa ya kira Malam Ummaru. Muka zagaya bayan dutse inda yakan gwada bindiga, ba wanda ya kula don an saba ji. Na farko ya tashi, har Malam Ummaru ya washe baki. Na biye ya ce ƙyas, shi ke nan. Ya sake ɗurawa, wani ya tashi da wata ƙara marar ƙarfi kamar an fasa leda. Sai wani kuma ya ce ƙyas, babanku ya ci gaba da riƙe bindigar tana kallon dutse bai motsa ba. Ni da gaggawata na matso ina cewa ya buɗe mana mu gani. Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun aurenmu. Ban gama ja da baya ba bindigar ta tashi da kanta. Da ya buɗe ta lokacin da na ce, da a fuskarmu abin zai fashe. Malam Ummaru ya zube a ƙasa ya dafe kai.

“Na kashe mutane. Saje, wallahi alheri na yi nuhi. Mi zan hwaɗa ma gari?”

Babanku ya ce, “Ba ka kashe kowa ba tukuna. Tashi ka je ka buɗe rumfarka, ka yi aikinka yadda ka saba. Kada ka gaya wa kowa, har Hajara.”

A hanyar komawa na gane abin da ke gabanmu. Harsasan ba za su rabu ba, wannan babanku ya gama yankewa tun a ɗaki. Amma in ya hana, dole a tambayi dalili, in ya faɗi dalili dole a tambayi wa ya yi. Ku auna da kanku: Bakabe, Musulmi, ya shiga ɗakin da harsasan gari suke mai gida ba ya nan, ya zuba musu abin da ya kashe su, gab da fita daji. A wannan shekara ba wanda zai tsaya jin maganar tsatsa da kwanon da ya ɗage. Ba zai kai la'asar ba, kuma ba na jin za a tsaya a kansa, yana da samari biyu a gida. Na ce wa babanku mu ce ruwa ne ya shiga. Ya ce ruwa ba ya warin mai, kuma duk wanda ya taɓa gyara babur zai gane warin nan daga bakin ƙofa. Na ce to a ce ni ce, mace ce ban sani ba. Ya ce za a tambaye ni inda na samu gwangwani da wanda ya ja mini akwatin da ƙato ɗaya ba ya iya ɗagawa, kuma ya san ni, in aka matsa mini raina ya ɓaci zan faɗi abin da ban yi niyya ba. Wannan ta yi mini zafi don gaskiya ce.

“To me za ka ce musu?”

“Zan ce ni na fesa kafin in tafi.”

Na tsaya cak a kan hanya. Na ce masa ya haukace. Na tuna masa shekarun da ya yi a ɗakin makamai ba a taɓa samunsa da kuskure ba, na ce ba mu da gidan sama, ba mu da mota, sunan nan shi ne kaɗai abin da ya dawo da shi daga soja, shi zai bar wa 'ya'yansa. Na ce ba ma wanda zai yarda mutum irinsa zai yi wannan wauta.

Ya ce, “Za su yarda. Na tsufa, na yi ciwo, kuma mutane suna jin daɗin ganin mai tsanani ya yi kuskure. Ni za a zage ni ne kawai, Rahila. Shi kashe shi za a yi.”

Na dai ƙi yi masa magana har muka isa gida, tuwon ranar ma da gangan na bar shi ya yi gudaji.

Da yamma aka taru a filin makarantar firamare don tsara fitar gobe. Mata muna gefe. Ayuba ne shugaban matasa a lokacin, ƙanensa na cikin waɗanda aka ɗauke a gona ba a sake jin labarinsu ba, idonsa kullum jajir. Babanku ya sa aka ɗauko akwatin aka ajiye a tsakiya. Ya tsaya ƙyam yadda yake tsayawa a fareti, ya cire hula, ya yi magana da yarenmu sannan ya maimaita da Hausa don kowa ya ji. Ya ce kafin tafiyarsa ya ji tsoron danshi, ya fesa wa harsasai man tsatsa, ya yi kuskuren da bai kamata mai saninsa ya yi ba, yanzu ba su da tabbas, kuma ba zai miƙa wa ɗan kowa ko ɗaya ba. Wurin ya kaure da hayaniya. Ayuba ya yi tsalle ya zo gabansa.

“Baba Saje, kai? Kai da ka hana mu ko taɓa su da hannu mai gumi? Mun hana cikinmu munka haɗa aka sayo, ka zuba musu mai?”

“Ni ne, Ayuba.”

“To ba mu su haka nan! Ko rabi sunka tashi ai sun fi babu.”

“Ba su fi babu ba. Wanda ya san ba shi da harsashi yakan gudu ya tsira. Wanda ke zaton yana da shi tsayawa yake yi.”

Suka ce sai sun gani. Ya ɗura bindigarsa ya juya wa jama'a baya ya gwada a gabansu, aka ji yadda wasu ke tashi wasu ke cewa ƙyas. Daga nan ba wanda ya sake cewa a raba, fushin gaba ɗaya ya dawo kansa. Wani ya tambaya daga baya ina ya samo man. Babanku ya ce daga kasuwar Zuru ya sayo, ko gezau bai yi ba. Na saci kallon Malam Ummaru, yana can ƙarshen taro. Mai unguwa ya miƙo hannu ba tare da ya dubi babanku ba, babanku ya cire makulli daga wuyansa ya sa masa. Wani yaro da bai kai Yohanna ba ya yi ihu ya ce Saje Feshi, aka kwashe da dariya irin ta mutanen da ransu ya ɓaci. Na cije leɓena har na ji gishirin jini. Muka taho gida shi a gaba ni a baya, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi sauri ba.

Ba zan rage muku tsadar abin ba. Kafin a sake haɗa wasu harsasan, lokaci ya wuce. Ɓarayi suka kwashe abin da suka kwashe a gonakin nesa, suka sa wa saura wuta. Gidaje da dama rumbunsu bai kai bazara ba, har da namu, don babbar gonarmu tana can. Mutane suna da dalilin jin haushi, ban ce ba su da shi ba. A coci aka daina kiransa ya yi addu'ar buɗewa, shi da kansa ya koma bencin baya. A kasuwa in na taya kaya sai in ji ana tambayar ko na zo da gwangwani. Kai Ishaku ka zo hutu ka yi dambe da ɗan mai unguwa a kan sunan nan, ka dawo da kumburarren ido ka tambayi babanka ko da gaske ne, ya dube ka ya ce da gaske ne. Na ga abin da ya faɗo a fuskarka, na shige madafa na yi kukana. A ranar na so in tsane shi, na kasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai canza ba. Ba a tambayarsa, amma in ya ga yaro ya jingina bindiga baki a ƙasa sai ya gyara masa. Ya aika wa sabon mai riƙe akwati cewa ya ɗora shi a kan katako, ya nisanta shi da bango, ya sa ƙullin gawayi a ciki don danshi, kada mai ko wane iri ya kusance shi. Aka ce ji wanda ke ba da shawara, amma aka bi. Ya kwashe tsofaffin harsasan da kansa ya miƙa wa hukuma don kada wani ya tsinta. Kuma kullum da hantsi sai ya ɗauki kujerarsa ya zauna a rumfar Malam Ummaru, a idon kowa, suna sauraron rediyo. Malam Ummaru ya so ya kwashe iyalinsa ya koma gida, babanku ya hana, ya ce wanda ya gudu ya amsa laifi. Ta katanga na sha jin su.

“Saje, ka bar ni in hwaɗa. Abin ga shina ci na. Kowace sahiya ina jin yara na kiranka da sunan ga, ni ko ina zaune.”

“In ka faɗa, ka maida wahalata banza. Ɗauko sifanarka ka ƙarasa wa mutane aikinsu.”

Gwangwanin kuwa bai daina amfani da shi a kan babura ba, don sana'a ce, amma na lura in zai fesa sai ya juya wa babanku baya.

Ciwon ƙirjin nan bai bar babanku ba, damina kaɗan ya ƙara. Kuna nan lokacin, ba sai na ba ku labarin jinya ba. Abin da ba ku ji ba shi ne abin da ya ce mini ana gobe zai rasu, da rana, kun fita neman mota. Na ce masa yanzu dai zai bar ni in wanke sunansa, in faɗa wa gari gaskiya. Ya tambaye ni ko gari ya kwanta. Bai kwanta ba, a satin ma an tare hanyar Mahuta, an sake fara nuna yatsa. Ya ce to na ji amsa. Na ce ban yi alkawari ba. Ya ce ya sani, ya kama hannuna ya riƙe.

Ranar jana'iza tsofaffin sojoji suka zo da lambobinsu a ƙirji, suka sara masa. A bakin kabari fasto ya ba da dama ga mai son faɗin wani abu game da marigayi. Aka yi ta faɗin abin da aka saba. Wani dattijo ya ce mutumin kirki ne, kuma kowa yana kuskure, Allah ya gafarta masa nasa. Na ji 'yar dariya a bayana, na ji an raɗa sunan. Shekarun nan duka ranar nake jira, maganar tana bakina na shirya ta tsaf, kuma wanda zai hana ni yana cikin akwatin gawa. Sai na ga Malam Ummaru ya ratso mutane daga inda Musulmi suka tsaya, hawaye ya jiƙa masa gemu, ya ɗaga hannu yana neman fasto ya ba shi dama. 'Ya'yansa samari biyu suna bayansa ba su san komai ba. Ayuba yana tsaye kusa da su, bindiga a kafaɗa, don ko jana'iza sai da masu gadi ake yi.

“Jama'a, ina da magana. Wanga bawan Allah da kuka gani kwance...”

Ban san lokacin da na tashi ba. Ke Naomi kin riƙe mini zane, na fizge. Na isa gabansa na kama hannun rigarsa, ni mace mai takaba a gaban jama'a, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Malam Ummaru, mun gode. Kowa ya san amincinku. Kuka ba zai bar ka ka yi magana ba, je ka zauna.”

Ya dube ni, ya ce a hankali, “Maman Ishaku, don Allah.”

Na ce, “Je ka zauna.”

'Ya'yansa suka kama shi suka mayar da shi baya, mutane suna cewa Allah sarki, abota. Fasto ya ɗaga waƙa. Na koma wurina na tsaya ina kallo aka tura ƙasa a kan babanku da sunan da ba nasa ba, bakina a rufe, kuma ni na rufe shi da kaina. Minti kaɗan na ɗauki abin, na ji kamar ƙirjina zai tsage. Shi ya ɗauke shi kowace safiya har ya mutu, yana gaisawa da mutane.